Ku Tambaya Mu Amsa: Helen Allingham da Zanen Tsofaffin Gidajen Karkara

Yawancin wasiƙun wannan wata a kan zanen tsofaffin gine-ginen ƙauye suka tsaya, da kuma matar da sunanta ya fi fita a wannan fanni a Ingila. Mun taƙaita tambayoyin, ga amsoshinsu.

Tambaya: A ɗakin kakata akwai wani tsohon gwangwanin biskit. A murfinsa akwai hoton gida mai rufin ciyawa, furanni sun kewaye shi, wata yarinya tana tsaye a bakin ƙofa. A ƙasa an rubuta H. Allingham. Wane ne shi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Malama, mace ce. Sunanta na gidan iyaye Helen Paterson. An haife ta ranar 26 ga Satumba, 1848, a Swadlincote da ke gundumar Derbyshire, ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai na wani likita. A 1862, tana da shekara 13, annobar mashaƙo ta ɓarke a yankinsu. Mahaifin yana cikin duba marasa lafiya ya kamu, ya rasu, ƙanwarta 'yar shekara uku ta bi shi. Uwar ta kwashi sauran yaran zuwa Birmingham wurin dangin mijinta. A can Helen ta fara makarantar zane, ta wuce Landan a 1866, a 1867 kuma ta samu shiga makarantar Royal Academy. Wannan ƙofa 'yar'uwar mahaifiyarta ce ta buɗe ta, wato Laura Herford, wadda a 1860 ta aika da zanenta ba ta rubuta cikakken sunanta ba, aka karɓe ta kafin a gane mace ce.

Helen ba ta da mai biya mata kuɗin zama a Landan, saboda haka tun tana ɗaliba ta fara yi wa mujallu zane, daga 1870 ta zama ma'aikaciyar mujallar The Graphic. A 1874 ita ta zana hotuna goma sha biyu na labarin Thomas Hardy da mujallar Cornhill ke bugawa wata-wata. A shekarar ce ta auri William Allingham, marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Ailan, wanda ya girme ta da shekara 24. Auren ya sauke mata nauyin aikin mujalla, ta koma fentin ruwa, wanda dama shi ne a ranta.

Gidajen da kika gani sun shigo aikinta ne a 1881, lokacin da iyalin suka koma Sandhills, kusa da ƙauyen Witley a gundumar Surrey. Shekara bakwai ta yi a nan tana bin ƙauyuka da kujerar zama da akwatin fenti. A 1886 zauren Fine Art Society da ke Landan ya baje kolin zanenta na gidajen Surrey, masu saye suka yi rububi. A 1888 rashin lafiyar mijin ya mayar da su Hampstead a Landan, ya rasu a 1889, ya bar ta tana da shekara 41 da 'ya'ya uku, kuma babu wata dukiya. Daga nan zane ya zama abin ciyar da gida. A 1890 ta zama mace ta farko da ƙungiyar Royal Watercolour Society ta ba cikakken matsayin mamba. Ta ci gaba da hawa jirgin ƙasa zuwa ƙauyukan Surrey da Kent da Middlesex da sauran kudancin Ingila, ba ta ajiye buroshi ba har ta rasu a Haslemere ranar 28 ga Satumba, 1926, kwana biyu bayan ta cika shekara 78.

Tambaya: Me aikin mujalla ya ƙara mata? Ni ina ganin ɓata lokaci ne ga mai son zane na gaske. Daga wani ɗalibin zane a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ba mu yarda da kai ba. A lokacin ba a iya buga hoton kyamara kai tsaye a jarida. Mai zane zai zana hoton a kan wani ƙaƙƙarfan katako da aka yanka a gicciye aka goge shi sumul, masu sassaƙa su bi layinsa da ƙananan ƙarafa, su cire duk inda zai fito fari, su bar inda tawada za ta hau. In hoton babba ne, gutsattsarin katako ake haɗawa da kusoshi, a raba wa masu sassaƙa da dama, a sake ɗaurewa. Komai kuma a juye yake fitowa, dama ta koma hagu.

Wanda ya yi wannan aiki dole ya koyi abu uku. Dole layinsa ya zama tabbatacce, don mai sassaƙa ba ya iya yanka layin da ake shakka a kansa. Dole ya san yadda ake raba hoto zuwa haske da duhu ba tare da taimakon launi ba. Dole kuma ya gama a kan lokaci, tunda injin buga mujalla ba ya jiran kowa. Ka ɗauki zanen gida na Allingham ka mayar da shi baƙi da fari a wayarka, za ka tarar ginin yana nan tsaye da nauyinsa. Ka gwada haka da aikinka na makon jiya. In komai ya haɗe ya zama toka-toka, to a nan gyaranka yake, ba a launi ba.

Tambaya: Me ya sa gidajen da take zanawa duk a karkace suke, rufi ya lotsa, bango ya turo ciki? Salonta ne, ko haka suke? Daga wani magini a Katsina.

Amsa: Malam, haka suke, kuma kai da ke sana'ar za ka fi kowa gane dalili. Yawancinsu an gina su ne shekara ɗari biyu zuwa ɗari huɗu kafin ta zana su. Ƙashin ginin katako ne na itacen oak: a shimfiɗa gungume a ƙasa, a kafa ginshiƙai a kansa, a gitta wasu, a haɗa su da huda da harshe, a soke da turakun itace. Ba a sa ƙusar ƙarfe a mahaɗa, domin ruwan wannan itace yana cin ƙarfe. Kafintoci kuma suna aikinsa ne yana ɗanye, don in ya bushe gatari ba ya shigarsa da sauƙi. To a jikin gini yake bushewa, yana murɗewa yana tsagewa shekara da shekaru. Wannan shi ne karkata ta farko.

Ta biyu daga ƙasa take. Harsashin ba shi da zurfi, kuma yankin yana da laka mai kumbura da damina, ta tsuke da rani. Gungumen da ke ƙasa shi ne ke fara ruɓewa, kusurwar da ya ruɓe ta nitse, ginshiƙi ya bi ta. Ta uku daga sama: a Surrey an fi rufi da fale-falen gasasshen yumɓu, kowane an rataye shi da ɗan turke a kan siraran sanduna, kuma yana da nauyi ƙwarai. Sai katakon rufin ya lanƙwashe tsakanin manyan madogarai, doron rufi ya riƙa hawa da sauka. In ka lura, inda doron ya ɗago, a nan madogari yake, kuma yana daidai da ginshiƙin da ke ƙasansa a bango. Allingham ba ta kuskuren wannan. Masu kwaikwayonta su ne ke lanƙwasa rufi yadda suka ga dama, shi ya sa gidajensu ba sa kama da abin da zai iya tsayuwa.

Tsakanin katakan bango kuwa, ana saƙa tsumagu ne a yaɓe da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa. In wannan ya lalace sai a cike gurbin da bulo. Gefen da ruwan sama ke duka, wato kudu maso yamma, sau da yawa ana lulluɓe shi da fale-falen yumɓu daga sama har tsakiya. Babban bututun hayaƙi na bulo, a gidaje da yawa daga baya aka saka shi, tun asali wuta a tsakiyar ɗaki ake hura ta. Tagogin ƙanana ne, da gutsattsarin gilashi masu kusurwa huɗu da aka haɗa da darma, saboda babban gilashi yana da tsada a da. Inda rufin ciyawa ne, kamar na gwangwanin da aka tambaya a sama, gangarensa yana kai digiri 45 zuwa 50 don ruwa ya zube kafin ya jiƙe, kaurinsa kamar santimita 30. Na karan alkama yakan yi shekara 15 zuwa 25, na ciyawar fadama yakan ninka haka, amma doron sai an sabunta shi kowace shekara 10 zuwa 15.

Tambaya: Na karanta cewa ta yi wa talauci kwalliya, wai mutanen da ke cikin gidajen nan wahala suke sha. Gaskiya ne? Daga wata malamar tarihi a Damagaram.

Amsa: Malama, akwai gaskiya a zargin, kuma bai kamata masu ƙaunar aikinta su kauce masa ba. Mazauna waɗannan gidaje 'yan ƙodagon gona ne, haya suke yi a hannun mai gona ko mai ƙasa, abin da namiji ke samu a mako bai kai fam ɗaya ba. Daɓe yana tsatsafo da ruwa, ruwan sha daga rijiya, makewayi a bayan gida, iyali mai yawa a ɗakin kwana ɗaya ko biyu. Lokacin kuma noma yana cikin mawuyacin hali: daga shekarun 1870 alkama mai araha ta Amurka ta cika kasuwa, damina ta ɓata amfanin 1879, kafin 1894 farashin alkama ya faɗi da fiye da rabi. Matasa suna ta gudu birni. Ba za ki ga wannan a zanenta ba. Abin da za ki gani rana ce ta fito, furanni sun buɗe, mata da yara cikin tufafi masu tsabta. Masu sayen zanen mutanen birni ne masu kewar ƙauyen da ba su taɓa kwana cikinsa ba, ita kuma bayan 1889 tana da bakuna uku da za ta ciyar.

Amma akwai ɗaya gefen. Layin dogo daga Landan zuwa Portsmouth ya ratsa Witley a 1859, masu kuɗi suka fara sayen filaye. Wasu gidajen aka rushe, wasu aka yi musu gyaran da ya kashe su: a cire tagar darma a sa ta kanti, a shafe katakon bango da siminti, a sauya rufi. Allingham tana tsere da masu rushewa ne, akwai gidajen da ban da zanenta babu abin da ya rage nasu. Damuwar ba tata ba ce ita kaɗai. A 1877 mai zane kuma marubuci William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, a 1895 aka kafa National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, wadda ginin farko da ta saya a 1896 tsohon gida ne mai rufin ciyawa a Alfriston, a kan fam 10.

Inda mu muke da magana da ita wani wuri ne daban. In ta tarar an riga an sauya taga, takan mayar da tsohuwar a cikin zanen, yadda take ganin gidan yake kafin a taɓa shi. Ta san ginin sosai, saboda haka abin da ta mayar yakan dace. Duk da haka, mai binciken tarihi a yau ba zai iya rantsuwa cewa tagar da yake gani tana nan a ranar da aka yi zanen ba. Ga ɗalibanki, ki ce musu su amince da ita a kan yadda aka haɗa katako da yadda rufi ya zauna, su yi taka-tsantsan a kan tagogi da ƙofofi, kada kuma su ɗauke ta shaida a kan yadda mutane ke rayuwa. Wanda ya samu zuwa Ingila, akwai Oakhurst Cottage a Hambledon, kusa da Witley, gidan ɗan ƙodago irin waɗanda take zanawa, yana hannun National Trust. A gidan tarihi na Burgh House da ke Hampstead kuma akwai tarin ayyukanta.

Tambaya: A ƙauyenmu gidajen ƙasa suna ƙarewa, kowa bulo da kwano. Ina so in zana waɗanda suka rage da fentin ruwa. Me zan saya, ta ina zan fara? Daga wani matashi a ƙasar Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka, ka fara tun kafin damina mai zuwa ta rage maka su. Kuɗinka ka zuba a takarda kafin fenti. Nemi takardar fentin ruwa mai nauyin giram 300, in da hali ta auduga, mai ɗan kaushi, girman santimita 28 da 38. Buroshi uku masu tsini sun isa, lamba 4 da 8 da 12. Sai fensir HB, magogi mai laushi, allo, farin faranti na dama launi, tsumma, reza, da kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na damawa. Launi shida kacal: rawayar ƙasa da jar ƙasa da ƙasa-ƙasa mai duhu, waɗanda za ka ga an rubuta Yellow Ochre da Burnt Sienna da Burnt Umber a jikinsu, sai shuɗi biyu, Ultramarine da Cobalt Blue, da rawaya mai haske guda. Abin da ke riƙe garin launin a takarda ƙaro ne, irin wanda ake ɗiba daga dakwara a Sudan da Chadi da Najeriya da Nijar, shi ya sa ruwa ke iya sake narkar da shi ko bayan ya bushe.

Kafin ka zauna, ka gaida maigida ka faɗi abin da ya kawo ka, in baƙo ne kai ka fara da mai unguwa. Kada ka zauna inda kake fuskantar cikin gida. Sannan ka zagaya ginin, in akwai tsohon magini ka roƙe shi ya zagaya da kai. Ka ga yadda bangon tubali ya yi kauri a gindi yana sirancewa sama. Ka ga inda azara ta leƙo, ka tuna cewa ba ta iya tsallaka fiye da wajen mita biyu sai da madogari, wannan ne ke yanke faɗin ɗaki. Ka ƙirga zankwaye, ka ga tsawon indararo da zanen da ruwa ya bari a ƙarƙashinsa. Gefen gabas shi hadari ke duka, a nan yaɓe ya fi zaizayewa har tubali ya bayyana. In rumbu ne, ka ƙirga duwatsun da yake zaune a kai. Wanda bai san dalilin siffa ba, ba zai zana ta daidai ba.

Lokacin aiki daga hantsi zuwa ƙarfe 10, ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa takan shige ƙarƙashin gini, bango ya zama fili ɗaya. Zauna nesa da ginin kamar ninki biyu zuwa uku na faɗinsa, a kusurwa, yadda za ka ga gefe ɗaya cikin haske ɗaya cikin inuwa. Ja layin da ke daidai da idonka tukuna. In kana kan kujera zai ratsa ƙofa wajen kashi biyu cikin uku na tsawonta. Duk layin da ke sama da wannan yana gangarowa in yana nisa da kai, na ƙasa da shi yana hawa. A ɗaki mai kewaye ko rumbu, bakin jinka yana lanƙwasa sama, gindin yana lanƙwasa ƙasa. Awo kuwa, miƙe hannu sosai da fensir, rufe ido ɗaya, ɗauki tsawon ƙofa ya zama ma'auninka: bango ƙofa nawa ne a tsaye, nawa a kwance. Kada ka sa rula. Da zarar ka gama layi, ka zana iyakar inuwa da fensir ka tsaya a kanta, domin rana tana tafiyar digiri 15 kowace awa, wanda ya bi ta zai ƙare da inuwa mai fuska biyu.

Fenti daga haske ake farawa zuwa duhu, kuma farin takarda shi ne farinka, abin da ka rufe ya tafi. Sama tukuna, da shuɗi mai ruwa-ruwa. Sai shafen farko na bango, rawayar ƙasa kashi uku, jar ƙasa kashi ɗaya, a tsinke da ruwa. Bari ya bushe sarai. Inuwa ka haɗa Ultramarine da jar ƙasa, ka shafa sau ɗaya, ka ɗiga ɗan rawaya a gindinta inda hasken ƙasa ke komawa bango. Kaushin yaɓe da bunu, da buroshi mai ɗan danshi ake yi: ɗebo launi mai kauri, goge a tsumma, ja shi a kwance yadda zai taɓa tudun takarda kawai, a jinka kana bin gangaren ciyawa. Bakin ƙofa da ƙarƙashin jinka su ne mafi duhu, su ne na ƙarshe. Bayan komai ya bushe, da tsinin reza za ka kankare 'yan siraran ciyawa masu ƙyalli. In ba ka son zana masu rai, turmi ko tulu ko tsani a jikin bango ya isa ya nuna girman gini.

Abu ɗaya kada ka bi Allingham a kansa. In an sa ƙofar kwano ko an liƙa siminti a wani gefe, ka zana shi yadda yake a littafin fensir ɗinka, da suna gari da unguwa da kwanan wata da sunan wanda ya gina in an sani. In daga baya kana son ka yi wani zanen da ka mayar da tsohuwar ƙofa, ka yi, amma ka rubuta a bayansa abin da ka sauya. Simintin nan ma labari ne: yana tare danshi a cikin bangon ƙasa, ya ɓamɓaro falle-falle ya tafi da yaɓe, kuma shi ne ajalin gidaje da yawa.

Tambaya: Takardata tana kumbura, launi yana barin tabo mai baki-baki, kuma komai yana komawa kalar laka. A ina nake kuskure? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

Amsa: Ƙanwarmu, matsala uku ce, kowace da dalilinta. Kumburi daga takarda ne: zarenta yana buɗewa in ya sha ruwa, inda ya jiƙe ya fi inda bai jiƙe ba faɗi. Maganinsa ɗaurewa. Jiƙa takardar cikin ruwa mai tsabta minti 5 in siririya ce, minti 10 in mai giram 300 ce, shimfiɗa ta a allo, share ruwan da ya kwanta, ki manne gefe huɗu da tef ɗin takarda mai ƙaro, faɗin santimita 5, rabi a takarda rabi a allo. A kwance za ta bushe, a inuwa. In kika jingina ta ruwan zai taru a ƙasa ya saki tef ɗin. A garinku mai laima ki ba ta kwana guda.

Tabon kuwa yana faruwa ne in kika koma da buroshi mai ruwa kan wurin da ya fara bushewa. Sabon ruwan yana tura garin launi gefe ya tara shi a baki. Ki duba ƙyallin takarda: muddin tana ƙyalli za ki iya ƙara launi, da zarar ƙyallin ya ɗauke ki janye hannu har ta bushe. Ki dama launi fiye da abin da kike bukata kafin ki fara, ki karkata allon kaɗan, ki riƙa jan ɗigon da ke taruwa a ƙasan shafen, na ƙarshe ki tsotse shi da busasshen buroshi. Masu aiki a arewa lokacin hunturu matsalarsu akasin taki ce, shafe yana bushewa kafin a kai ƙarshen layi. Su sai su jiƙa bayan takardar su ɗora ta a kan roba ko gilashi, su sa ɗigo ɗaya ko biyu na gilisarin a kofin ruwa, su yi amfani da babban buroshi. In gilisarin ya yi yawa zanen zai yi danƙo ya kama ƙura.

Kalar laka tana zuwa ta hanya biyu: haɗa launi fiye da uku a wuri guda, ko goga buroshi a kan shafen ƙasa har ya narke ya gauraye da na sama. Shafe uku ya isa kowane wuri. Ki kuma tuna fentin ruwa yana yin haske in ya bushe, saboda haka ki sa shi ya ɗan fi abin da kike so duhu tun farko, don kada ki yi ta komawa. Ruwan damawa ki sauya shi da zarar ya gurɓace.

Tambaya: Na sayi wani hoto mai sa hannunta a wurin masu gwanjo. Ta yaya zan san na asali ne, kuma yaya zan adana shi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Alhaji, kusan tabbas bugu ne. Tun 1903 kamfanin A. & C. Black ya fitar da zanenta masu launi a littafi, daga nan suka bazu a kalanda da kati da gwangwanaye, sa hannun kuma tare da hoton ake buga shi. Ka sa madubin ƙara girma mai ninki 10. In ka ga ƙananan ɗigo a jere, na inji ne. Na asali za ka ga launi ya kwanta cikin ramukan takarda, da alamar fensir a ƙarƙashi, da wuraren da aka kankare.

Ko bugu ne ko aikin hannu, abokan gabarsa haske da laima da ƙwari. Wasu launukan zamanin, musamman ja da rawaya da aka samo daga tsirrai, suna kodewa, kuma abin da ya kode ba ya dawowa. Gidajen tarihi ba sa haska irin wannan zane da hasken da ya wuce laks 50, wato dishi-dishi. Kada ka rataye shi inda rana ke faɗawa, ko a bangon da ke jiƙewa da damina, nan ne jajayen ɗigo ke fitowa a takarda. A firam, a sa kwali marar asid tsakanin hoto da gilashi don kada su manne, a toshe bayan da kyau, saboda kyankyaso yana lasar ƙaro, gara kuma tana cin takarda. Kada a liƙa masa salatef, kada a rufe shi da roba mai zafi. Waɗanda ba a firam suke ba, a ajiye su a kwance cikin akwati, farar takarda tsakanin kowane biyu, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa farkon damina da ƙarshenta.